Nasiru, Kada Ka Bi Maganata a Kan Fankar Nan

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya kiyaye hanyarka ranar Lahadi mai zuwa, ya sa ka shiga Tsafe da ƙafar dama, ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutanen da ke kanta, amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma ga Innarka ta miƙo maka takarda kamar daga wata ƙasa na aiko. Dalili shi ne bakina ba ya jin maganata. Sau uku tun ranar Juma'a na nufo ƙofarka da niyyar in yi magana a hankali, kafin in isa sai in ji zuciyata ta taso, sai in wuce bayan gida in yi kamar tumaki na zo dubawa. Da biro kuwa ba zan iya yi maka tsawa ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka tuna abin da ya faru. Na ba ka a-kori-kurata, motar da na daɗe ina tattalinta, don ka koma Tsafe da matarka ka riƙa dakon hatsi zuwa Gusau da Bungudu, ka tsaya da ƙafarka. Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci ka ce mini, "Baba, ina son in sa mata fankar lantarki kahin in tahi. Baba Lawali ya ce..." Ban bari ka ƙarasa ba. Na ce maka, a gaban mutane kuma, "In hannun Lawali ya taɓa motag ga, ka aje mani makullina." Ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba." Wannan "to" ɗin taka ita ce ta hana ni sakat har yau.

Ka san Lawali mai gyaran wayar mota, wanda rumfarsa ke tsallaken titi daidai da garejina, tun kafin ka san hagu da dama. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda muka fara. Tare muka kafa garejin nan a ƙarƙashin darbejiya ɗaya. Ni nake inji, shi yake waya. Kwano ɗaya muke cin abinci, buta ɗaya muke alwala. A lokacin ni ne babba. Mota in ta shigo, ni ake nema, don duk motocin zamanin nan da fanbel, wato ɗamarar robar da inji ke ja, suke juya fanka, kuma ciwonsu ciwon ƙarfe ne. Lawali sai dai a ce masa fitila ta mutu ko oda ba ta kuka. Nakan zolaye shi in ce aikinsa aikin masu farar riga ne, mutum ya wuni a gareji ya koma gida ko sabulu bai nema ba. Dariya yake yi, ni ma dariya nake yi, don a lokacin ba ni da abin da zan yi masa ƙyashi.

Sai motocin Kwatano suka fara cika gari. Ka buɗe bonet ka ga inji a kwance a gicciye, babu fanka a goshinsa, sai wata baƙar roba a manne da lagireto da wayoyi suna fita daga cikinta. Mota in ta ɗauki zafi, maimakon a ce a kira Garba, sai a ce a kira Lawali. Ina kwance a ƙarƙashin mota, baƙin mai yana ɗiga mini a wuya, ina ganin ƙafafun mutanen da na yi shekaru ina yi wa aiki suna wuce ni. Na san takalmansu ɗaya bayan ɗaya. Su ce mini "sannu da aiki" ba tare da sun duƙa ba, su je su zauna a bencin Lawali. Wallahi abin ya ci mini rai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Kuskurena na farko daga nan ya fito. Na shiga gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da ni cewa fankar lantarki ba ta ƙasarmu ba ce, an yi ta ne don masu sanyi, zafin Gusau zai kashe ta. Na faɗa har na yarda da kaina. Alhali ko sau ɗaya ban zauna na ce, "Lawali, nuna mini yadda abin nan yake aiki" ba. Mutumin da ke zaune taku biyar daga gare ni, wanda da na tambaye shi da ya koya mini yana murna. To ka ji, Nasiru. Duk ranar da ka ji kanka kana kushe wani abu da ƙarfi, ka tsaya ka tambayi kanka ko ka san abin. In ba ka san shi ba, to ba abin kake ƙi ba, mai abin kake ƙi. A Tsafe za ka tarar da direbobin da suka fi ka mota, suka fi ka sanin 'yan kasuwa. Ka je ka zauna kusa da su ka yi tambaya.

Bari in gaya maka gaskiyar fankokin nan biyu yadda na san ta yanzu, ba yadda na riƙa faɗarta a bakin titi ba. Ta fanbel da inji take tafiya. Ka taka mota ta yi gudu, ka sassauta ta sassauta. In kana hawan tudu da lodi inji yana kuka, tana jan iska kamar ta tsinke, kuma ba ruwanta da batir, ba ruwanta da fis. In ta samu matsala da idonka za ka gani, kuma ko a ƙauye irin Magami ka tsaya za ka sami wanda zai ɗaura maka fanbel. Aibinta shi ne tana cin ƙarfin inji ko ana bukatarta ko ba a bukata, tana da ƙara, sannan in mota ta tsaya inji yana sulo, wato yana kaɗawa a hankali, ita ma sai ta koma lilo, a daidai lokacin da babu iskar hanya da za ta taimaka mata. Ta lantarki kuwa ba ta tashi sai ruwa ya yi zafi, in ta tashi kuma da cikakken ƙarfinta take tashi ko mota na tsaye. Amma rayuwarta a hannun batir take da altaneta mai yi masa caji, da fis da rile masu tsare wutar da ke zuwa mata, da 'yar na'urar da ke jin zafin ruwa. Ɗaya a cikinsu ya gaza, ta mutu shiru ba sallama, sai dai ka ga allurar zafi ta haye. Kowace da inda ta fi, kuma aikin da mota take yi shi ya kamata ya zaɓa mata.

Kuskure na biyu shi ne wanda na fi jin kunyarsa, ko Innarka rabinsa kawai ta sani. Akwai wani Malam Isa, hedimasta a Bungudu, mutum mai mutunci, wanda ni na riƙa gyara masa tsohuwar motarsa kafin ya sauya. Wata rana da hantsi ya shigo da sabuwar, fanka ba ta tashi. Lawali ya tafi garin Wanke ta'aziyya. Malam Isa yana sauri zai shiga ofis, sai ya miƙo mini makulli ya ce, "Malam Garba, don Allah in Lawali ya dawo ka ba shi." Ka ji fa. Ni da na san kowane noti na tsohuwar motarsa, yau na zama mai ajiyar makulli.

Yana ba da baya na buɗe bonet. Na ce a raina, waya ce fa, ba karatun likita ba. Na yi abin da na ga ana yi a garejoji da yawa, wanda muke kira dairek. Na tsallake rile, na tsallake fis, na samo wata siririyar waya a ƙasa na haɗa fanka kai tsaye da makulli, yadda da an kunna mota za ta kama juyawa ba tsayawa. Ta tashi kuwa. Na tsaya ina kallonta ina jin daɗi kamar na ci yaƙi. Da Malam Isa ya dawo da azahar na ce masa, "An gyara." Ban ce wa ya gyara ba, shi kuma bai tambaya ba.

Washegari ya ɗauki matarsa da tsohuwarsa za su suna. Kafin su kai Bungudu siririyar wayar nan ta yi zafi ta narke, fanka ta mutu, bai lura da allura ba sai da hayaƙi ya turnuƙe. Gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ta wuni a bakin hanya cikin rana. Da aka jawo motar, kai tsaye gun Lawali ya nufa, yana faɗa, mutane suka taru. Ina tsaye da sifana a hannu. Lawali ya buɗe bonet, ya kama guntun wayar ya duba inda aka murɗa ta. Ka san ni bahago ne, murɗina baya yake zuwa, duk wanda ya yi aiki da ni ya san haka. Ya ɗago kai ya dube ni, sannan ya juya ya ce, "Ka yi haƙuri Malam, aikin garejinmu ne." Ya sha zagin nan shi kaɗai. Ni kuwa na duƙa na ci gaba da kwance wani noti da ba ya bukatar kwancewa.

Bayan la'asar muna wanke hannu ya ce mini a hankali, "Garba, na ga murɗin. Ni ba ni murɗa waya ta hagun." Abin da ya faɗa ke nan. Kalma ɗaya ta haƙuri ta ishe ni a ranar, amma na zuba ruwa na tashi. Wata bai cika ba ya kwashe kayansa ya koma tsallaken titi. Kuma ga abin da zai ba ka mamaki: maimakon in gode masa don ya rufa mini asiri, sai na ƙara ƙinsa. A da ya fi ni kasuwa kawai, yanzu ya fi ni hali, kuma kullum na ɗaga kai ina ganinsa. Shekara goma sha bakwai muna gaisuwar ɗaga hannu daga nesa.

Nasiru, in ka yi wa mutum laifi ya rufa maka asiri, ka je ka same shi a ranar, kafin rana ta faɗi. In ka bari ya kwana, nauyin ba ya raguwa, juyewa yake ya zama ƙiyayya, kai da ka yi laifin ka koma kai ne mai fushi. Sannan ta fuskar mota, ko wane ne ya ce zai haɗa maka fanka dairek, ka karɓe makullinka. A sa mata fis, a sa mata rile, a sa waya mai kauri wadda za ta ɗauki wutar. Kada kuma ka yarda a cire maka tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, a jefar da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Ni na cire wa mutane fiye da yadda zan iya tunawa, ina yi ina taƙama.

Kuskure na uku a kanka na yi shi. Da ka gama makaranta aikin gwamnati bai samu ba, na ɗauka wurina za ka zo. Har na gyara maka wuri a kan teburin kayan aiki. Sai kawai na ga ka tsallaka titi. Ban hana ka ba, don ba ni da dalilin da zan iya faɗa da baki. Amma ina kallonka. Ina ganin ka duƙa kusa da shi kuna bin waya da ɗan fitilar gwaji, ya faɗi wani abu ka tuntsire da dariya har kana riƙe ciki. A gabana ba ka taɓa irin wannan dariya ba. Ranar da na fara jin ka ce "Baba Lawali", ture abincin rana na yi gefe. Na san kowane ɗan unguwa haka yake kiransa, na san ladabi ne, ni na koya maka shi. Duk da haka sai na ji kamar an cire wani abu daga aljihuna an sa a nasa.

Da babbar Sallah ta zo ka yanka ragonka na farko, ka ɗauki cinya guda ka kai masa. Ni ka kawo mini ɗaya cinyar da hanta, na gani. Amma ban kalli tawa ba, tasa na bi da ido har ka fita daga zaure. Innarka ta lura, ta ce, "Malam, yaron ga bai rage maka komi ba. Mi kaka nema?" Na ce mata ta yi harkar gabanta.

Ka kuma tuna ranar da ka zo garejina da yamma, ka tsuguna kusa da ni, ka ce in nuna maka yadda ake gane fanbel ya yi sako-sako? Kai ka tako da ƙafarka, ka zo neman abin da ni kaɗai na fi kowa sani a titin nan. Me na ce maka? Na ce, "Tahi ka tambayi ubanka na tsallaken titi." Ka tashi a hankali ka kaɗe wandonka ka tafi, ba ka sake tambayata komai a kan mota ba. Na yi shekaru ina cewa Lawali ya janye mini ɗa, alhali ni na kore ka da bakina.

To ga amsar tambayarka, ko da ta makara. Ka kashe inji, ka sa babban yatsa a tsakiyar fanbel ka danna. In ya nutse kamar kaurin yatsa ɗaya, lafiya lau. In ya wuce haka, a ɗaure shi. In ya ƙi motsi sam, an matse shi da yawa, zai ci maka watafamfo, mai zagaya da ruwan inji. Ka juya cikinsa ka duba, in ka ga ya fara tsattsagewa ko yana ƙyalli, kwanansa ya ƙare. In ka ji yana ƙara da safe kana tayar da mota, magana yake yi maka. Ko ka sa fankar lantarki ba ka rabu da shi ba, don shi ke juya watafamfo da altaneta, saboda haka kullum ka ajiye sabo a bayan kujera tare da sifana mai lamba goma sha biyu da goma sha uku. In Allah ya ba ka 'ya'ya, duk wanda ya zo maka da tambaya ka ajiye abin da ke hannunka ka amsa masa, ko da ka san ya riga ya tambayi wani.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ka san jarkokin ruwa biyu da ke bayan kujerar motar nan, waɗanda nake cewa na alwala ne? Wane irin mutum ne yake alwala da jarka biyu? Motar nan tana tafasa, Nasiru. Shekara uku ke nan. A kan gudu ba ta da matsala ko kaɗan, ko buhu nawa ka ɗora mata. Amma in ta shiga layin shingen bincike a hanyar Tsafe da zafin rana, ko cunkoson bakin kasuwa ranar da take ci, in aka yi ta matsawa taku-taku, sai allura ta fara hawa. Na wanke lagireto, na sauya murfinsa, na sauya watafamfo, na ɗaure fanbel. Ta ragu, ba ta daina ba. Inji ya tsufa, fankar kuma ba ta jan isasshiyar iska a sulo. Da na fara tuƙin hanyar nan babu waɗannan tsaye-tsayen, yanzu kuwa rabin tafiyar tsayuwa ce.

Sau biyu ta tsayar da ni. Na biyun, na fito daga Tsafe da masara bayan la'asar, na daɗe a layi, ina wuce shingen kaɗan ta fara tururi. Na gangara gefe a wurin da babu gida babu rumfa. Ka san hanyar nan, ka san ba wurin da mutum zai so ya tsaya da bonet a buɗe ba ne rana tana sunkuyawa. Motoci suna wucewa da gudu, babu mai ko rage tafiya, kuma ban ga laifinsu ba. Na zauna ina jiran inji ya huce, don ba a buɗe murfin lagireto yana tafasa, ba a kuma zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi. Duk addu'ar da na sani na karanta ta. Da na iso gida Innarka ta tambaye ni abin da ya tsayar da ni, na ce lodi ne ya yi jinkiri. Na san maganin abin tun a ranar. Maganin yana tsallaken titi, shi ya sa na sayi jarka ta biyu.

Wannan motar ce na miƙa maka makullinta, na kuma ce kada a taɓa ta. Ka duba girman abin da na yi. Ni tsoho ne, in na zaɓi in tsaya a daji don kada Lawali ya ce ya fi ni gaskiya, kaina na cuta. Amma kai za ka riƙa bin hanyar nan kusan kullum, da matarka tana jiranka a garin da ba ta san kowa ba.

Jiya da safe na tsallaka titin. Taku ashirin ne ko ƙasa da haka. Lawali yana zaune yana feƙe waya, gemunsa ya yi fari fat, ni ban ma lura ya tsufa haka ba don daga nesa nake ganinsa. Ya matsa mini a benci kamar jiya na tashi daga kai. Na ce masa, "Lawali, motar Malam Isa, ni ne." Ya ce, "Garba, yau kuma? Ai ni na manta da wanga zance." Ƙarya yake, bai manta ba, na gani a idonsa, amma na karɓa na gode. Ka ga halin nasa ko? Ko a wurin yafiya sai ya fi ni.

Sai na kawo maganarka. A nan ya ajiye wayar da ke hannunsa. Ya tashi ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe, sai ga fanka sabuwa da rile da fis da komai. Ya ce kai ka sayo ta tun watan jiya. Ya ce ranar Asabar ka zo ka ce masa a bar aikin. Ya ce maka, "Nasiru, motag ga tana tafasa, kai ka sani, ni na sani. Ka kawo ta bayan gari in sa maka, babanka ba shi ganewa sai ka tahi." Ka ce masa a'a. Ka ce ka daɗe da sanin ruwan jarkokin nan ba na alwala ba ne, amma tunda na faɗa a gaban mutane, ba za ka kunyata ni ba, gara ka tafi da ita haka nan ka riƙa lallaɓawa, Allah ya tsare.

Nasiru, shekaru nake son in ji ka zaɓe ni a kan Lawali. Jiya na ji, kuma ban taɓa jin tsoro irin na jiya ba. Na zauna a bencin nan ina ganinka a inda na tsaya da masarar nan, bonet a buɗe, rana tana faɗuwa, kana jiran inji ya huce saboda ubanka ya yi rantsuwar banza a bakin masallaci. Ban san hawaye sun zubo mini ba sai da Lawali ya juya baya ya yi kamar yana neman filaya.

Saboda haka na janye maganata, kuma zan janye ta a gaban mutanen da na faɗe ta. Biyayya ga uba tana da iyaka, ɗana. In na umarce ka da abin da zai jefa ka cikin halaka, ka ƙi, cikin ladabi, ka kuma faɗa mini dalili ko da zan yi tsawa. Tsawata ba ta taɓa kashe kowa ba.

Kada ka ɗauka mun shirya a kan fankar, ni da shi. Mun fi awa muna musu har mai shayin gefe ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Shi cewa yake a cire tawa gaba ɗaya a sa ta lantarki babba a bayan lagireto, inji zai sami sauƙi, ƙara za ta ragu, mai ma zai ɗan ragu. Ni kuma na ce motar lodi ce, mai shiga ƙauye, a bar ta fanbel a inda take, a ƙara ta lantarki a gaban lagireto ta riƙa taimakawa in an tsaya, yadda in ɗaya ta mutu ɗaya za ta kai ka gida. Ya ce biyu za su tare wa juna iska in ba a auna wurin da kyau ba. Na ce altanetar motar nan tsohuwa ce, a gwada ta tukuna kafin a jingina mata ran inji gaba ɗaya. A kan gwada altanetar kaɗai muka yarda da juna. Ina ganin ni ke da gaskiya, amma ba zan ɓoye maka ba, na kai matsayin da ban iya rarrabe inda sanina ya tsaya da inda kishina ya fara. Kai ka san aikinsa, ka kuma san motar. Ka saurare mu duka ka zaɓa da kanka, kuma duk wadda ka zaɓa ba zan ɓata rai ba, ko in na ɓata ba zan nuna ba. Abu ɗaya ne ban yarda ba, ka bar Gusau da ita yadda take.

Gobe da safe ka kai ta rumfarsa. Zan zo da kayan aikina, aikin ƙarfen nawa ne, na wayar nasa. In an gama a bar ta tana sulo a rana tsawon awa guda muna kallon allura, sannan a ɗora mata lodi a zaga da ita. In ba ta gamsar da mu ba ka ɗaga tafiyar, Tsafe ba za ta gudu ba. In ka fara aiki kuma, idonka ya riƙa komawa kan allurar nan kamar yadda yake komawa kan madubi, kada ka bar la'asar ta same ka a hanya don kwaɗayin sawu ɗaya.

Allah ya yi maka albarka, Nasiru. Ya tsare gabanka da bayanka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya duk ranar da ka fita, ya sa albarka a motar da abin da za ta ɗauko. Ya ba ka maƙwabta na gari, ya zaunar da kai da matarka lafiya. Innarka tana sa maka albarka. Ka yafe mini abin da na yi maka, wanda na rubuta a nan da wanda na kasa rubutawa.

Saura roƙo ɗaya, ka yi mini shi ko da za ka yi dariya. Na tsallaka titi, na nemi gafara, amma ban warke ba. Na san in ka isa Tsafe za ka kira Lawali ka gaya masa yadda fankar ta yi a hanya, kuma ya kamata ka kira shi. Don Allah ka fara kirana. Ko da minti ɗaya ne tsakani.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Bakanike